Ranar Da Samurai Suka Kwance Takobi

Farkon sanina da samurai a gidan kallo ne, kuma ina kyautata zaton haka abin yake ga mafi yawan tsararrakina. Wani fim ne na Amurka da ya fito a 2003, mai suna The Last Samurai, wanda a ƙarshensa mahaya dawakai sanye da sulke suka zare takubba suka tunkari bindigogi masu aman wuta, aka zubar da su kamar ana girbin dawa. Na fito daga ɗakin nan zuciyata tana tare da masu takobi, ina jin haushin mutanen gwamnati masu kwat da hular Turawa da suka ba da umarnin a buɗe wuta. Sai bayan shekaru, da na zauna na karanta abin da ya faru a Japan a 1877, na ci karo da abin da fim ɗin ya ɓoye mini. Ashe masu kwat ɗin nan su ma samurai ne. Jigonsu, Okubo Toshimichi, unguwa ɗaya ya taso da madugun masu tawayen, Saigo Takamori, a birnin Kagoshima. Tare suka yi ƙuruciya, tare suka ƙulla dabarar da ta kifar da tsohuwar gwamnati a 1868, kafin shekara goma ta cika kuma suka ja dāga da juna.

Tun daga lokacin wata tambaya ta hana ni sakat. A tarihin al'ummu, abin da aka saba gani shi ne talakawa su tashi su tuɓe masu gata, ko kuma baƙi su ci ƙasa da yaƙi su tuɓe su. A Japan kuwa 'ya'yan gidan gata ne suka karɓi mulki, suka juya suka soke gatan gidajensu da hannunsu. Sau da yawa nakan ji ana cewa ɗabi'un samurai, wato biyayya da jarumta da riƙon amana, su ne sirrin bunƙasar Japan. Ban ƙaryata maganar gaba ɗaya ba, sai dai ina ganin tana tsallake wurin da ciwon yake. Japan ta zamani ta tsaya da ƙafafunta ne a kan kasafin kuɗin da aka share sunan samurai daga cikinsa, kuma akwai waɗanda suka biya kuɗin aikin da guminsu alhali ba a cika ambatonsu ba.

Kafin a fahimci abin da aka soke, ya kamata a san yadda yake. Bayan yaƙin Sekigahara a 1600, Tokugawa Ieyasu ya murƙushe abokan hamayyarsa, a 1603 ya karɓi sarautar shogun, wato babban kwamandan da ke riƙe da ainihin mulki a birnin Edo, yayin da sarkin sarakuna yake zaune a Kyoto da daraja amma ba iko. An raba ƙasar zuwa yankuna kimanin 260, kowane da ubangidansa da ake kira daimyo, kowane daimyo kuma da dakarunsa, su ne samurai. Su da iyalansu ba su wuce kashi 6 cikin 100 na jama'a ba. Su kaɗai ke da izinin rataya takubba biyu, doguwa da gajeriya, kuma doka ta ba su damar sare talakan da ya yi musu rashin kunya, ko da yake ba kasafai ake yin hakan ba. Tun a 1588 aka bi ƙauyuka aka ƙwace makamai daga hannun manoma, saboda haka iyakar da ke tsakanin mai takobi da mai fartanya ta zama ta gado.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda samurai yake cin abinci. An raba mafi yawansu da gona, an tara su a biranen da ke kewaye da ganuwar ubangidansu, ana biyan su albashin gado da shinkafa. Ma'aunin shi ne koku, kimanin lita 180, abin da aka ƙiyasta zai ciyar da mutum ɗaya shekara guda. Gidan da aka yanka wa koku 100 a zamanin kakan kaka, koku 100 ɗin nan jika zai gada, ko haziƙi ne ko rago. To, sai zaman lafiya ya ɗore sama da shekara ɗari biyu. Mayaƙin da ba shi da yaƙi ya koma magatakarda, mai riƙe littafin haraji, mai duba madatsun ruwa, malamin makaranta. Da yake ba shinkafa kaɗai ake rayuwa da ita ba, dole ya kai ta wurin dillali ya mayar da ita kuɗi. A Osaka kasuwar shinkafa ta Dojima, wadda hukuma ta amince da ita a 1730, ta kai har ana cinikin shinkafar da ba a girbe ba. 'Yan kasuwa, waɗanda tsarin ƙasa ya ajiye a ƙasan kowa, suka zama masu ba iyayen gijinsu rance. Dokar da ta tilasta wa kowane daimyo ya riƙa zaman shekara guda a Edo, shekara guda a yankinsa, da doguwar tawaga da gidaje biyu, ta ƙara nutsar da su cikin bashi. Idan ubangida ya matsu sai ya zaftare albashin barorinsa da sunan aro. Ƙaramin samurai a ƙarni na 19 yakan kwana yana haɗa laima ko fitilar takarda don ya sayar a ɓoye, gari ya waye ya rataya takubbansa ya fita yana taƙama.

Daga cikin irin waɗannan matsattsun gidaje aka sami mutanen da suka sauya ƙasar. Suna da ilimi, sun san aikin mulki, amma tsarin gado ya toshe musu hanya, suna kallon 'ya'yan manya da ba su kai su basira ba suna hawa kujeru. Fukuzawa Yukichi, wanda aka haifa a 1835 a gidan ƙaramin samurai na yankin Nakatsu, ya rayu yana tsanar wannan tsari saboda yadda ya ga ya danne mahaifinsa. Wanda bai gane wannan ɗacin rai ba, ba zai gane dalilin da ya sa samurai ya iya rushe gidan samurai ba.

A watan Yuli na 1853 jiragen yaƙin Amurka guda huɗu ƙarƙashin Matthew Perry suka tsaya a mashigin tekun Edo suna neman a buɗe ƙasa. Japanawa ba a cikin duhu suke ba. Ta ƙofar nan guda da suka bar wa 'yan kasuwar Holan a Nagasaki sun sami labarin yadda Ingila ta durƙusar da ƙasar Sin a yaƙin da ya ƙare a 1842, kuma sun san cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Gwamnatin shogun ta sa hannu a yarjejeniyar 1854, sannan ta 1858 wadda ta fi muni: Baturen da ya yi laifi a Japan ba alƙalin Japan zai hukunta shi ba, kuma ƙasar ba ta da ikon yanke harajin kayan da ake shigowa da su yadda ta ga dama. Matasan samurai suka harzuƙa, suka ɗauki taken ɗaukaka sarkin sarakuna da korar baƙi, suka shiga sarar Turawa da jami'an gwamnati a kan titi.

Abin da ya biyo baya shi ne, a ganina, darasin da ya fi kowane tasiri. A 1862 samurai na yankin Satsuma suka kashe wani ɗan kasuwar Ingila da ya gitta wa tawagar ubangidansu a kan doki. A shekarar da ta biyo jiragen Ingila suka yi wa Kagoshima ruwan wuta, wani ɓangare na birnin ya ƙone. A 1864 jiragen ƙasashe huɗu suka farfasa igwogin yankin Choshu a Shimonoseki. Gani ya kori ji. Yankunan nan biyu da suka fi kowa zafin ƙin baƙi su ne suka fara juyawa. Choshu ta riga ta tura matasa biyar Landan a asirce a 1863, cikinsu har da Ito Hirobumi wanda daga baya ya zama firaministan farko, Satsuma kuma ta tura nata ɗaliban a 1865, wato wurin mutanen da suka ƙona mata gari shekara biyu kacal da suka wuce. A 1866 suka haɗa kai. A farkon watan Janairun 1868 aka shelanta dawowar mulki hannun sarkin sarakuna Meiji, yaro ɗan shekara 15. Saigo ne ya jagoranci rundunar da ta doshi Edo, kuma shi ya zauna da Katsu Kaishu na ɓangaren shogun suka daidaita aka miƙa birnin ba tare da an ƙone shi ba. Aka sauya masa suna ya koma Tokiyo.

Karɓar mulki ya zo da sauƙi idan aka kwatanta da riƙe shi. Sabuwar gwamnati ta tarar ba ta da rundunar kanta, kuma mafi yawan harajin ƙasa yana shiga rumbunan daimyo. A 1871 Saigo ya tara dubban dakaru daga Satsuma da Choshu da Tosa a Tokiyo, aka kira iyayen gijin yankuna aka karanta musu umarni cewa an soke yankunan, an mayar da su larduna da gwamnati za ta naɗa wa gwamnoni. Ba wanda ya ɗaga takobi. Dalilin bai da wuyar ganewa: an bar wa kowane daimyo kashi ɗaya cikin goma na kuɗin shigar tsohon yankinsa ya zama nasa na kansa, gwamnati kuma ta ɗauke masa nauyin basussuka da albashin barori. Ana ba da labarin cewa Shimazu Hisamitsu, dattijon gidan sarautar Satsuma, wanda barorinsa ne suka yi masa wannan aika-aika, ya kwana yana sa a harba wasan wuta a sama don ya huce haushi. Iyakar abin da ya iya ke nan.

Sai dai gwamnati ta sayo wa kanta kaya mai nauyi. Albashin gadon samurai da na tsofaffin daimyo ya riƙa lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da take kashewa. A daidai lokacin kuma tana son shimfiɗa dogo, wanda na farkonsa mai tsawon kilomita 29 ya haɗa Tokiyo da Yokohama a 1872, tana son jan wayar tangaraho, da gina makarantar firamare a kowane ƙauye bisa dokar ilimi ta 1872, da sayen jiragen ruwa, da biyan ƙwararrun Turawa albashi mai tsoka.

A ƙarshen 1871 kusan rabin manyan gwamnati suka yi abin da har yau nake mamakinsa. Suka bar ƙasar da ba ta gama zama ba, suka shiga jirgi ƙarƙashin jagorancin Iwakura Tomomi, suka yi wata ashirin da wani abu suna zagaya Amurka da Turai. Okubo yana cikinsu. Sun tafi da fatan a gyara yarjejeniyoyin nan na wulaƙanci, aka nuna musu lokaci bai yi ba. Suka mayar da hankali ga kallo: masaƙu, ma'aikatun ƙarfe, mahaƙar kwal, kotuna, gidajen yari, makarantu. Abin da Okubo ya dawo da shi daga biranen masana'antu na Ingila shi ne cewa ƙarfin igwa daga masana'anta yake fitowa, kuma wannan arziki bai daɗe da samuwa ba, ana iya cim masa. Da suka dawo a 1873 suka tarar waɗanda aka bar wa riƙon gida suna shirin tura Saigo Koriya a matsayin jakada, tafiyar da kowa ya san tana iya ƙarewa da yaƙi, yaƙin da zai sama wa samurai marasa aiki abin yi. Okubo ya tsaya kai da fata cewa baitulmali ba zai ɗauka ba. Ya yi nasara, Saigo ya ajiye muƙaminsa a watan Oktoba ya koma Kagoshima, ɗaruruwan hafsoshi suka bi shi.

A wannan shekarar ta 1873 aka kafa dokoki biyu da suka tone tushen samurai. Ta farko ita ce dokar aikin soja ga kowane namiji da ya kai shekara 20, ɗan manomi ne ko ɗan mai takobi. Ta biyu ita ce sabon harajin ƙasa: aka auna gonaki, aka ba masu su takardar mallaka, aka ɗora musu kashi 3 cikin 100 na darajar gonar, a biya da kuɗi duk shekara, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Tunda yaƙi ya zama aikin kowa, haraji kuma ya daina zuwa da shinkafa, da wace hujja za a ci gaba da ciyar da wani jinsi na musamman?

Amsar ta zo a 1876. A watan Maris aka hana rataya takobi ga kowa in ban da soja da ɗan sanda da jami'i cikin kayan sarauta. A watan Agusta aka soke albashin gado baki ɗaya. A madadinsa aka ba kowane gida takardar bashin gwamnati, wadda darajarta ta yi daidai da albashin shekara 5 zuwa 14 gwargwadon matsayi, da ribar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 ga mafi yawansu. Mutum sama da 310,000 suka karɓi takardun da jimillarsu ta kai kusan yen miliyan 174. A kan takarda abin ya yi kama da adalci, don an ba ƙanana shekaru masu yawa da riba mafi tsoka. A zahiri kuwa manya kimanin 500 sun kwashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, yayin da ƙaramin samurai ya tashi da abin da ribarsa ba ta kai yen 30 a shekara ba, ƙasa da abin da lebura yake samu. Nakan tsaya in yi tunanin mutumin da ya wuce shekara arba'in, bai taɓa riƙe fartanya ko ma'auni ba, an tarbiyyantar da shi a kan cewa ƙirga kuɗi ƙasƙanci ne, a cikin wata biyar aka raba shi da takobinsa da abincinsa, kuma waɗanda suka sa hannu a takardar 'yan'uwansa ne da ya yi yaƙi tare da su.

Tawaye ya ɓarke nan da can. A Kumamoto wata ƙungiya da ta ƙi taɓa bindiga don tsanar kayan baƙi ta auka wa barikin soja da takubba da masu a watan Oktoban 1876, aka gama da ita cikin kwana guda. Babban tashin ya zo daga Kagoshima, inda Saigo ya buɗe makarantun da suka zama tamkar sansanin soja. Da gwamnati ta aiko jirgi ya kwashe makaman da ke ajiye a garin, ɗalibansa suka fasa rumbunan, aka kuma baza jita-jitar cewa an turo masu kashe shi. A tsakiyar Fabrairun 1877, cikin dusar ƙanƙara, ya fita da mutum sama da 13,000, yana cewa zai je Tokiyo ya yi wa gwamnati tambaya. Saɓanin abin da na gani a fim, suna da bindigogi da igwogi. Abin da ba su da shi shi ne masana'antar harsashi da jiragen ruwa da wayar tangaraho.

Ganuwar Kumamoto ta tare su. Sojojin da ke ciki, da yawansu 'ya'yan manoman nan ne da samurai suke yi wa dariya, suka jure kewaye na sama da kwana hamsin. A tudun Tabaruzaka aka shafe kwana goma sha bakwai ana gwabzawa cikin ruwan sama. Jiragen kamfanin Mitsubishi, wanda Iwasaki Yataro, shi ma ɗan ƙaramin gidan samurai na Tosa, ya kafa, su suka yi ta jigilar dakarun gwamnati da kayansu, kamfanin ya fito daga yaƙin da ƙazamar riba. Ƙanin Saigo na ciki ɗaya, Tsugumichi, yana ɓangaren gwamnati. Ranar 24 ga Satumba, a kan tudun Shiroyama da ke kallon garinsu, Saigo da 'yan ɗaruruwan da suka rage suka yi tsayuwar ƙarshe. Harsashi ya same shi, wani na hannun damansa ya fille masa kai bisa al'adarsu don kada a kama shi da rai. Kowane ɓangare ya rasa mutum fiye da dubu shida.

Yaƙin ya ci kusan yen miliyan 42, kuma inda aka samo kuɗin ya isa abin lura. Tun a 1876 aka gyara dokar banki ta yadda za a iya kafa banki da takardun bashin nan a matsayin jari, kafin ƙarshen 1879 bankuna 153 sun tsaya. Mafi girmansu, Banki na Goma Sha Biyar, tsofaffin daimyo da fadawan Kyoto ne suka kafa shi da takardunsu, kuma shi ya ranta wa gwamnati yen miliyan 15 ta yaƙi Saigo. Wato kuɗin sallamar iyayen giji aka yi amfani da shi wajen murƙushe barorinsu. Ragowar kuwa takardar kuɗi aka buga, farashin shinkafa ya kusa ninkawa cikin shekara huɗu, darajar takardun da ke hannun ƙananan samurai ta narke. Da yawa suka sayar da su da arha. Waɗanda suka gwada buɗe kanti suka yi ta karyewa, domin mutumin da ya saba a rusuna masa bai iya rusuna wa mai saye ba, har kasuwancin samurai ya zama abin misali a bakin Japanawa idan ana nufin cinikin da ba zai kai ko'ina ba. Wasu suka ja keken ɗaukar mutane. Tsofaffin barorin shogun suka sare dajin Makinohara a Shizuoka suka dasa ganyen shayi. Wasu aka tura su tsibirin Hokkaido su yi noma da gadin iyaka, a ƙasar da al'ummar Ainu suka gada.

Duk da haka, a nan ne nake ganin gaskiyar masu yabon ɗabi'un samurai. Abin da ya tsira daga rushewar ba takobi ba ne. Karatu ne, da sabo da aikin hukuma, da tunanin cewa mutum bara ne ga wani abu da ya fi cikinsa. 'Ya'yansu suka cika ofisoshi da azuzuwa da barikin 'yan sanda da ɗakunan buga jarida. Fukuzawa ya ƙi karɓar muƙamin gwamnati, ya tsaya ga makarantarsa da ta zama Jami'ar Keio. Da aka buɗe masana'antar siliki ta Tomioka a 1872 da injinan Faransa, iyaye suka ƙi ba da 'ya'yansu mata saboda jita-jitar cewa Faransawa jinin mutane suke sha, alhali jar giya aka gani a kofunansu. Shugaban masana'antar, Odaka Junchu, ya fara sa 'yarsa ta cikinsa, daga nan 'yan matan gidajen samurai suka shigo, suka koyi aikin suka koma lardunansu suna koyarwa. Kada a manta kuma ƙasar ta gaji dubban makarantun unguwa inda 'ya'yan talakawa ke koyon rubutu da lissafi. Shibusawa Eiichi, wanda ya kafa bankin farko a 1873 kuma ya sa hannu a kafa kamfanoni kusan 500, ɗan manomi ne mai cinikin baba. Hotonsa ne a takardar yen 10,000 tun 2024, inda ya gaji Fukuzawa.

Amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Harajin gona shi ne mafi yawan abin da gwamnati ta tara a shekarun nan, da shi aka biya ribar takardun samurai, da shi aka ja dogo. Manoma sun yi bore har aka rage shi zuwa kashi 2.5 a farkon 1877. Da Matsukata Masayoshi ya karɓi ma'aikatar kuɗi a 1881, ya ƙudura janye takardun kuɗin da suka yi yawa, ya matse kashe kuɗi, ya kafa Babban Bankin Japan a 1882. Yen ta sami daraja, amma farashin shinkafa da siliki ya faɗi warwas, haraji kuwa yana nan yadda yake. Manomi ya sayar da amfanin da ya fi na da yawa kafin ya biya kuɗi ɗaya. Daga 1883 zuwa 1890 mutum fiye da 360,000 aka ƙwace wa gona saboda bashin haraji, suka koma 'yan haya a gonakin da suka gada. A watan Nuwamban 1884 dubban masu kiwon tsutsar siliki a Chichibu suka tashi suka ƙona gidajen masu ba da rance, soja suka murƙushe su, aka yanke wa shugabanninsu hukuncin kisa. 'Ya'yansu mata su ne suka cika masaƙun da suka biyo bayan Tomioka, suna aikin sa'a goma sha biyu ko fiye, tarin fuka yana ɗibarsu, silikin da suka kaɗa shi ke kawo kuɗin waje da ake sayen injina. Masana'antun da aka gina da harajin nan kuma gwamnati ta sayar wa 'yan gidaje ƙalilan: ma'aikatar jiragen ruwa ta Nagasaki ta koma hannun Mitsubishi, Tomioka ta koma hannun Mitsui a 1893. Ban taɓa ganin fim a kan manomin Chichibu ba.

Ita kanta kalmar bushido, wato tafarkin mayaƙi, da duniya ta sani, ta yi tashe ne bayan masu ita sun shuɗe. Littafin da ya yaɗa ta, Nitobe Inazo ne ya rubuta shi da Turanci, a Amurka, aka buga shi a ƙarshen ƙarni na 19, don ya nuna wa Turawa cewa Japan ma tana da tarbiyya. Marubucin yana ɗan shekara 13 aka hana rataya takobi. A lokacin Japan ta sami tsarin mulki a 1889, ta ci Sin da yaƙi a 1895, ta kawar da kotunan baƙi a 1899. Da ta ci Rasha a 1905 sai duniya ta rungumi bayanin Nitobe. Gwamnati ma ta ga amfaninsa: biyayyar da samurai yake yi wa ubangidansa aka mayar da ita wajibin kowane ɗan ƙasa ga sarkin sarakuna, ana cusa ta a makaranta da bariki. Da wannan aka mamaye Koriya a 1910, da shi aka tura matasa su mutu a yaƙin da ya ƙare da tokar 1945. Shi ya sa nake ɗari-ɗari idan na ji ana yabon bushido ba tare da an ce wanne ba, na magatakardan da ya riƙe amanar littafin haraji, ko na hafsan da ya hana yaransa miƙa wuya.

Okubo bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da safiyar 14 ga Mayun 1878, wata takwas bayan Shiroyama, ya shaida wa wani gwamna da ya kawo masa ziyara cewa aikin na shekara talatin ne: goman farko ta tafi a kwantar da tarzoma, ta biyu ita ce ta gina mulki da masana'antu kuma yana fatan ya ja ta da kansa, ta uku sai a bar wa na baya. Ya shiga keken dokinsa ya nufi fada. A kan hanyar Kioizaka mutum shida, tsofaffin samurai, suka tare shi suka sassare shi da takubban da ya haramta. Yana da shekara 47. Da aka duba abin da ya bari, sai aka tarar da bashi.

An yi wa Saigo afuwa a 1889, a 1898 aka kafa mutum-mutuminsa a lambun Ueno da ke Tokiyo, sanye da rigar shan iska yana jan karensa, kuma har yau jama'a na tsayawa su ɗauki hoto a gabansa. Mutanen Kagoshima ba su kafa wa Okubo nasa ba sai a 1979, shekara ɗari da ɗaya bayan kisansa. Yana tsaye a bakin kogin da ya ratsa kusa da unguwarsu, cikin doguwar kwat ta Turawa.